Robobin Ustaz Muntari

Hadizatu ta danna wayoyi biyu na na'urar awo a jikin guntun tiyon roba kamar yadda Ustaz Muntari ya koya mata, ta ce lambar da ke fuskar na'urar ta ɗara ta makon jiya. Ustaz Muntari ya gyaɗa kai daga kan gadonsa a inuwar rumfa. Idanunsa sun daina ganin lambobi, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga.

Malamin jami'a ne a Wad Madani. Da yaƙi ya shiga garin, sai ya gudo ƙauyen kakanninsa kusa da Mai Wurno, shi kaɗai, da na'urarsa da buhun guntayen roba, ya sauka a gidan da ke jikin nata. Ya taɓa yi mata bayani: akwai man da ake zuba wa roba don ta yi laushi. Rana na tsotse shi, robar na taurara, wutar lantarki kuma na ƙara shan wuya kafin ta ratsa ta. Da wannan awo yake so manoma su gane tiyon ban ruwa ya kusa tsagewa tun bai bar shuka da ƙishirwa ba.

Ita dai ba awon ne ya dame ta ba. A Madani ake yi masa wankin ƙoda, yanzu kuwa babu. Ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce hanya ba ta biyuwa.

"Ustaz, ka bar robobin nan ka huta mana."

"Ya Hajja, in na bar su, sai in zauna ina sauraren jikina." Sannan ya ce, "Saura kaɗan na gama. Wallahi kaɗan ya rage."

Ya roƙe ta in hanya ta buɗe ta aika wa ɗalibarsa Najwa na'urar. Ta ce shi zai kai da hannunsa. Bai musa mata ba.

Ranar Laraba ya cika, ana kiran la'asar, tana yi masa fifita.

Kashegari da rana ta kwashe tuwo, ta zuzzuba wa kowa. Sai da ta isa bakin darnin da ta saba miƙa wa Ustaz abinci ta lura da kwanon da ke hannunta. Ta tsaya nan da shi, tururi yana tashi, har ya daina.