Gadon Hajjo Sai Bare

Sai da na ɗora hoton gadon sannan na lura ƙafar Hajjo ta fito a ciki, can a kusurwar ƙasa, 'yan yatsu da sauran lalle. Na so in sauke in ɗauki wani, amma kafin in yanke shawara mutane har sun fara magana.

Hajjo kakata ce, mahaifiyar Babanmu. Gadon kuwa na ƙarfe ne mai rumfa, irin na da, da ƙananan madubai a wajen kai. Da shi aka kawo ta Gumel tana amarya. Tun da gwiwoyinta suka daina yarda da hawa ta koma katifa a ƙasa, shi kuma aka tura shi ɗakin da ke jikin zaure. Ya cinye ɗakin tas, ko ƙofa ba ta buɗewa sai rabi.

Ni kuma ɗakin nake so. Tun da na gama hidimar ƙasa nake zaune a gida, sai kwanan nan iyayen wasu 'yan mata a unguwarmu suka yarda in riƙa yi wa 'ya'yansu darasin lissafi kafin jarrabawar shiga jami'a. Ranar Asabar muka sa za mu fara. Baba ya ce ba zan bi gidajen mutane ba, ba kuma za a cika masa tsakar gida da hayaniya ba. Ɗakin zaure ko a fasa. Kafinta har ya kawo benci da allo, suna jingine a zaure kowa na tuntuɓe da su.

Na kawo shawarar a kira 'yan gwangwan. Hajjo ta dube ni sama da ƙasa.

“Gadon aurena a kan sikeli, kamar tsohon bokiti? Abin da aka koya miki ke nan a jami'ar?”

“To a ba Goggo Larai.”

“Safinatu fa?”

“To a ba Goggo Safinatu.”

“Larai fa?”

Goggonnin nan nawa biyu kowacce ta rantse ita aka yi wa alkawarin gadon. Wata sallah aka tayar da maganar, sai da wata sallar ta zagayo kafin su sake gaisawa.

“Sadaka zan yi da shi,” in ji Hajjo. “Amma bare za a ba wa. Wanda bai san mu ba, ba mu san shi ba, ko maƙwabtaka kakanninmu ba su yi ba. In ya bi ta hannun dangi, Larai za ta ce Safinatu ce ta turo shi, Safinatu ta ce Larai ce. Ke da kike cewa duniya duk tana cikin wayarki, nemo mini.”

Na ɗauka wannan ne abu mafi sauƙi da aka taɓa sa ni. Akwai wani zaure na saye da sayarwa a Facebook da mutanen yankinmu suka cika. Na shiga da shafina wanda ba sunana, hoton fure ne kawai a kai, na rubuta: “Gado kyauta. A Gumel yake. Mai buƙata ya zo ya ɗauka.”

Na farko ya ce, “Nawa ne ƙarshe?”

Na ce kyauta ne.

“Eh na gani. Amma nawa za ki bar mini?”

Wata ta tambaya ko da katifa. Da na ce babu, ta ce to a kan me ake so ta kwanta. Wani ya ce yana so ƙwarai, in sa a mota in aiko masa garin Ɗanzomo, in kuma tabbatar an ɗaure shi da kyau don ba ya son a karce masa fenti. Mata da yawa tambayarsu ɗaya ce: wa ya rasu a kai? Na ce mai shi tana nan da ranta, yanzu ma ta gama cin ɗanwake. Ɗaya daga cikinsu ta ce to lallai malami ne ya ce a fitar da shi, ita ba za ta kwashi abin da aka sauke wa wani ba.

Sai kuma wani malami, wanda daga baya na gane yana cikin masu shiga Facebook ba data, waɗanda ba sa ganin hoto. Ya yi mini dogon rubutu a kan cewa gado haƙƙin magada ne, Allah da kansa ya raba shi, ba wanda ya isa ya kyautar da shi a waya ba da yardar sauran ba. Ya kawo ayoyi, ya kawo hadisai. Na ce, “Malam, na kwanciya ne.” Sai ya ce, “To yana nan?”

Wanda ya fara zuwa da gaske Dogo ne, direban haya daga Gagarawa. Na tambaye shi ko ya san wani a gidanmu, ya ce shi a Gumel tasha kawai ya sani. Ya zo da mutum biyu, suka cire rumfar, har sun cicciɓi gefe ɗaya. Sai ladabi ya kama shi. Ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya.

“Iya, mun gode fa! Allah ya ƙara girma!”

“Tsaya,” in ji Hajjo daga ɗaki. “Wannan muryar ta gidan Ɗantsoho mai kanwa ce.”

“Kakana ne, Iya!” Dogo ya faɗa da murna, bai san kansa yake wa ba.

“Allahu akbar. Kakarka ta wajen uba da uwar mijin Larai nono ɗaya suka sha. Ku ajiye.”

Suka ajiye. Suka kuma mayar da rumfar, don Hajjo ta ce yadda suka same shi haka za su bar shi. Aka dama musu fura, aka ba Dogo goro ya kai wa tsofaffin gida. Da yamma ya turo mini saƙo: “Allah ya bar zumunci. Amma dai an ƙona mini mai.”

Daga nan na fara tantancewa tun a waya. Sunan mahaifi, sunan kaka, garin da uwa ta fito, ko an taɓa aure da 'yan Gumel. Wani ya ce, “Baiwar Allah, gado za ki ba ni ko 'yarki?” Wani ya ɗauki hoton hirarmu ya ɗora a zauren Facebook ɗin, ya gargaɗi jama'a cewa 'yan damfara sun fito da sabon salo, da sunan kaka suke kwashe kuɗin banki. Mutane suka yi ta yi masa godiya.

Wata Murja daga Sule Tankarkar ta tsallake duk tambayoyina. Ba ta da kowa a Gumel, ba ta san Larai ba, ba ta san Safinatu ba. Muka tsayar da lokaci. Har na fara share zaure sai ga wani saƙon nata: “Af, ki gaishe mini da Hajjo. Tun ranar farko na gane ƙafarta, ita ta yi wa yayata wankan jego.”

Na kai wa Hajjo labari. Ta yi dariya har da tari.

“Murjar Sabi'u! Ashe ta girma har tana neman gado.”

“Hajjo, jibi fa Asabar.”

“Ni na hana baren zuwa? Duniyar taki ce ƙarama.”

A ranar Alhamis ɗin da yamma wata mata ta yi magana. Ba ta tambayi katifa ba, ba ta tambayi wanda ya rasu ba. Ta ce sunanta Tayyiba, aure ne ya kawo ta Maigatari daga wani ƙauye can cikin Nijar, mijinta ma baƙo ne, dako yake yi a kasuwa. Uwar mijin na kwance ba lafiya a kan tabarma, ɗakin kuma in aka yi ruwa ta ƙasa yake tsattsafowa. Abin da take so kawai a ɗaga tsohuwar daga ƙasa. Na jero mata tambayoyina, ta amsa duka ba ta ji haushi ba. Ko suna ɗaya ban gane ba.

Na ce, “In kin zo, ki gaisa a taƙaice. Kar ki zauna.”

Ta ce to.

Da hantsin Juma'a ta iso a bayan kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Siririya ce, da mayafi ruwan toka da ya sha wanki. Mai kurkurar ya ce a yi sauri, yana so ya koma kafin masallaci. Ta leƙa ɗakin, ta taɓa ƙarfen gadon, ta girgiza shi kaɗan ta ji ƙarfinsa. Ta ga bencina a zaure.

“Ke ce mai koyar da 'yan lakwal?”

'Yan makaranta take nufi, a Hausarsu ta Nijar. Na ce ni ce, in Allah ya yarda, daga gobe.

Na kai ta ƙofar ɗakin Hajjo. Ta durƙusa daga waje kamar yadda muka yi da ita. Hajjo ta ce ta shigo ta ga fuskarta. Ta shiga.

Hajjo ta fara daga uba. Ta koma uwa. Ta bi kakanni huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta tsallaka dangin miji, ta kira sunayen duk fataken da ta san sun taɓa ƙetara iyaka da shanu ko da kanwa. Ta tuno wata ƙanwar kakarta da aka ce ta yi aure wajen Damagaram. Tayyiba ta yi tunani da gaske, ta girgiza kai.

“Ban san ta ba, Inna.”

“Ko labarinta?”

“Ko labarinta.”

Hajjo ta jingina da bango. Ban taɓa ganin an kayar da ita a wannan fagen ba.

“To,” ta ce. “Wannan kam bare ce tsantsa.”

Na miƙe zan kira mai kurkura.

“Ina za ki? Mace ta taso tun daga Maigatari, a sallame ta da yunwa? A gidan wa? Zubo mata dambu.”

Na zubo. Tayyiba ta ce ta ƙoshi, Hajjo ta ce ba a ƙoshi a ɗakinta. Tana cikin ci ta lura da yadda Hajjo ke miƙe ƙafa tana cije leɓe. Ta ajiye cokali, ta wanke hannu, ta tambaya ko akwai man zafi. Na tsaya a bakin ƙofa ina mata ido. Ba ta gani ba, ko kuma ta gani ta rasa yadda za ta yi. Ta ɗora ƙafar Hajjo a cinyarta ta fara murzawa daga ƙwauri zuwa gwiwa, a hankali, irin na wadda ta saba.

“Kai, kai, kai,” in ji Hajjo. “Nan ne. Nan ɗin nan. Khairiyya, zo ki ga yadda ake yi. Ita wannan in ta taɓa ni kamar tana danna waya.”

Mai kurkura ya yi hon.

“Wa ya koya miki?” Hajjo ta tambayi Tayyiba.

“Innata na yi wa, har Allah ya karɓi abarsa.”

“Ta rasu?”

“Da daɗewa.”

“Yayye mata fa? Goggo? Inna ƙanwar uwa?”

“Ba kowa nan kusa. In na yi rashin lafiya ni ke dafa wa kaina ruwan zafi.” Ta faɗa tana murmushi, kamar abin dariya ne.

Hajjo ta kama bakin zaninta ta goge ido. Ta dafa kan Tayyiba.

“To kin yi uwa. Daga yau ni ce uwarki a ƙasar nan. In kin haihu nan za ki zo wanka. In ya ɓata miki rai nan za ki taho, ni zan ji da shi. Khairiyya, ki shaida. Ga goggonki, ki gaishe ta.”

Na gaishe ta. Muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Tayyiba ta sunkuyar da kai tana ta godiya, hawaye na ɗiga a kan man zafin da ke hannunta.

Mai kurkura ya sake yin hon, wannan karon ya daɗe bai saki ba.

Na ce, “Hajjo, a fara fitar da gadon? Mutumin yana sauri.”

“Wane gadon?”

“Gadon da ta zo ɗauka.”

Hajjo ta dube ni kamar na yi saɓo.

“Ke wai ba kya ji ne? Yanzu a gabanki na ce 'yata ce. 'Ya'ya biyu na rigima a kan abu, sai in ɗauka in ba ta ukun? Larai ta ji wannan ai sai ta haɗa kai da Safinatu su cinye ni ɗanya. A'a. Magana ɗaya na yi tun farko, bare za a ba wa. Ki koma wayarki ki nemo.”

“Hajjo, gobe ne fa. Kuma surukarta a ƙasa take kwance.”

“Allah ya ba ta lafiya. Ai yanzu surukar 'yata ce, dole in aika a dubo ta. Akwai kuka da daddawa a cikin tulun can, ɗebo mata. Ki haɗa da sabulun da Babanki ya kawo.” Ta juya wajen Tayyiba. “Ke kuma da sallah ki zo da wuri, kin ji? Akwai wata atamfa da na ɓoye, ba wanda ya san da ita. Shuɗiya kike so ko mai ganye?”

Tayyiba ta dube ni. Na dubi tulun. Ta sauke ƙafar Hajjo daga cinyarta a hankali, ta gyara mata zani ya rufe gwiwar. Ta ɗauki faifai ta rufe sauran dambun. Hajjo na can tana laluben mabuɗin akwati a ƙarƙashin matashi, tana ba da labarin inda aka sayo atamfar.

Tayyiba ta ja mayafinta, ta sa takalmanta a bakin ƙofa. A zaure ta karkata ta wuce tsakanin bencin da allon ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba.