Yaɓen Katangar Maruƙa

Wata huɗu ke nan Managil tana zawo.

Ita ce babbar saniya a zaribar Mainasara, wato shingen shanunsa, can yammacin Omdurman inda gidajen laka suke ƙarewa sai fili. Sunan garin da mahaifinsa ya yi ƙwadagon auduga ya laƙaba mata. Tana cin ciyawar barsim kamar gara, tana shan ruwa, idonta garau, jikinta ba zafi. Amma duk abin da ta ci ruwa yake fitowa. Haƙarƙarinta ya fito, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura kamar an rataya mata salka. Ya ba ta maganin tsutsa. Ya ɗura mata jiƙon bagaruwa. Ya yi mata allura kala uku. Kamar ana zuba ruwa a rairayi.

Sai da ya gaji ya kira Daktora Ghada, likitar dabbobi da ke aiki a wani ɗakin awo a Soba. Ta zo da safe da akwatin ƙanƙara. Ta ɗebi jini a wuyan saniyar, ta sa safar hannu ta ɗebo kashi ta zuba a 'yar roba.

“Ina zargin ciwon Joni ne, ya Hajj,” in ji ta. “Ciwon hanji ne. Kada ka tsaya kallon wannan, ita ta riga ta yi nisa. Waɗancan za ka kalla.”

Ta nuna maruƙa biyar da ke tsalle a tsakanin ƙafafun iyayensu. Duka mata ne. Shekara bakwai yana kiwo, bai taɓa samun mata biyar a jere ba. Su ne garken da yake gani idan ya rufe ido.

“Ƙwayar a kashi take fita, tun suna ƙanana take shiga bakinsu. Sai ta kwanta. Shekara biyu, uku, har biyar, ba ka ga komai ba. Ka raba su da manya yau. Kada su sha nononta, kada su haɗa wurin shan ruwa.”

“Yau ɗin nan?”

“Da jiya ce ma ya fi.”

Bai ci abincin rana ba. Ya auna kusurwar gabas da ƙafa, ya fara kwaɓa laka. Kwana uku yana ɗora katanga, matarsa Awadiyya tana miƙo masa curi tana mita, tana kiransa da sunan 'yarsu.

“Abu Tasnim, ɗakinmu na yoyo tun bara ba ka taɓa shi ba. Maruƙa kuwa har da bene.”

“Ke kina da lema.”

“Allah ya shirye ka.”

Damina ta kusa, gajimare ya fara taruwa ta kudu. Katangar laka da ba a yaɓe ba, ruwan farko ke cinye ta. Kowa a unguwar ya san maganin wannan: zibala, wato kashin shanu da laka da ƙaiƙayi, a kwaɓa a bar shi ya kwana biyu ya ruɓe, sannan a shafe bango. Haka ubansa ya yi a Gezira, haka kakansa. Mai kawo ruwa a keken jaki bai zo ba kwana biyu, ganga ta kusa ƙasa. Mainasara ya duba zariba. Kashin sauran shanun ya bushe ƙamas, sai an jiƙa. Na kusurwar Managil kuwa laushi, ba ya neman ruwa. Ya kwashe shi da shebur.

Yaɓen ya fito sumul, ciki da waje. Ya kafa rumfa a kai, ya kawo sabuwar kwatarniya, ya shigar da maruƙan ɗaya bayan ɗaya. Awadiyya ma sai da ta shafa bangon da tafin hannu ta ce, “To, wannan kam ka iya.”

Ranar da aka ce ya zo karɓar sakamako, an rufe gada ɗaya. Motar haya ta zagaya, ta tsaya, ta ja, ta sake tsayawa. Ya sauka a tashar Suk al-Shabi ya canja wata. Yana zaune ƙafarsa na rawa, har mutumin da ke gefensa ya ce, “Ya zol, bawan Allah, injin ɗinki ka haɗiye?” Sai bayan azahar ya isa Soba, rigarsa ta manne da baya.

Ɗakin awon sanyi ne da shi, da warin magani. Daktora Ghada ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ja masa kujera gaban madubin da ke ƙara girman abu.

“Rufe ido ɗaya. Me ka gani?”

“Shuɗi.”

“Cikin shuɗin fa?”

Ya daɗe. Sai ya gan su: 'yan jajayen sanduna, ƙanana, sun dunƙule wuri-wuri kamar an watsa garin barkono.

“Su ne. Kashinta muka shafa a gilashi muka rina. Komai ya saki jan launi, su suka riƙe. Jinin ma ya nuna. Ba shi da magani, ya Hajj. Ka kai ta mayanka, likitan can ya duba naman.”

Ya ɗago kai. “Maruƙan na raba su. Na yi musu ɗaki.”

“Madalla. Ran Litinin zan zo in ɗebi jinin sauran manyan.”

Ya fita da wannan madallar a ƙirji, ita ya riƙa juyawa har gida. Ran Asabar aka zo da mota aka ɗauki Managil. Bai raka ta ba. Ya shiga wurin maruƙan ya tsaya, yana sosa wa ƙaramar goshi.

Ran Litinin Daktora ta gama da shanu tara, ta wanke takalmanta da magani, ta ce a nuna mata ɗakin. Mainasara ya wuce gaba, har da ɗan taku. Ta leƙa. Ta yaba rumfar, ta yaba kwatarniyar. Sai idonta ya kai kan bangon.

Maraƙa ɗaya ta kafa kai a bango tana lasa. Wata ta zo gefenta ta sa harshe. Daidai tsayin bakinsu, yaɓen ya yi duhu ya lotsa, layi guda daga wannan kusurwa zuwa waccan.

“Da me ka shafe wannan?”

“Zibala.”

“Kashin wace saniya?”

Ya buɗe baki. Awadiyya, da ta fito da shayi a faranti, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

“Ai zibala ce,” ya ce. “Ta ruɓe. Ta sha rana.”

“Ya Hajj, kashin wace saniya?”

“Na ce miki ba kashi ba ne. Yaɓe ne. A cikinsa aka haife ni.”

Daktora ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce ƙwayar nan tana da taurin rai, takan yi watanni a busasshen kashi, a inuwa ta kusa shekara. Shi kuwa har rumfa ya yi mata. Ta ce laifinta ne da ba ta tambayi da me zai yi ginin ba. Ita a gidan siminti ta tashi. Ta ciro wuƙa ƙarama ta kankare bangon wuri uku, ta zuba a roba.

“Fitar da su yanzu.”

Ya fitar da su ya ɗaure a gindin dalbejiya a ƙofar gida. Ya koma da diga. Abin da ya gina a kwana uku, kafin la'asar ya zama tsibi. Ya kwashe a keken jaki sahu shida, ya kai can bayan fili ya binne.

Kwana biyar ya yi yana zagaye tsakanin zariba da bishiya. Ya zauna, ya tashi. Ya ɗaga wutsiyar wannan ya duba, ya ɗaga ta waccan. Waya na aljihu, yana taɓa ta kamar mai ciwon haƙori da harshe. Da ta yi ƙara ran Asabar, sai da ta kusa faɗuwa a kwatarniya.

“Manyan, biyu sun nuna a jini, sai mu sake aunawa,” in ji Daktora Ghada. “Bangon kuma mun sami alamar ƙwayar a ciki.”

“Maruƙan fa?”

“Awon da muka yi wa bangon yana nuna ƙwayar tana nan, ba ya faɗin ko da rai ko a mace. Sai mun shuka ta a kwalba mu ga ko za ta tsiro. Wata uku zuwa huɗu.”

“Maruƙan nake tambaya.”

“Ko na ɗebi jininsu yau, lafiya zai nuna. Mai ita da marar ita duka. Sai sun kai wajen shekara biyu awo yake fara kamawa, shi ma ba kullum ba.”

“To awon naku me ya sani?”

“Abin da ya gani kawai. Wataƙila biyu sun ɗauka. Wataƙila duka. Wataƙila Allah ya tsare. Ka ware su, duk wata shida mu duba.”

Da yamma Hamuda ya zo, ƙanin Awadiyya, dillali a kasuwar shanu ta Muwailih. Ya zagaya maruƙan yana buga musu gindi, yana tsotsar haƙori.

“Yaya, ka ga fata? Ka ga ƙafa? Wa zai ce da wani abu? Likitar da kanta ta ce jininsu lafiya zai nuna.”

“Ta ce ba a sani ba.”

“To! Abin da ba a sani ba ai ba ƙarya ba ne. Akwai wani Salih daga Bahri, sabon kiwo ya fara, 'yan mata irin waɗannan yake nema ido rufe. Ran Laraba zan kawo shi. Ka sayar, ka sayi wasu masu tsabta, halas, magana ta ƙare. Ko so kake ka shekara biyu kana leƙen gindin saniya kamar ungozoma?”

“Hamuda, ka ji tsoron Allah,” in ji Awadiyya daga cikin gida.

“Ke yi mana shiru, mijinki ya gina wa cuta ɗaki har da rumfa, ni ne abin wa'azi?”

Mainasara bai ce e ba. Abin da ya tsorata shi, bai ce a'a ba.

Lahadi ya wuni yana jin maganar tana yi masa daɗi. Litinin ya kama kansa yana wanke maruƙan, yana goge musu ƙafa da tsumma, shi da bai taɓa yi ba. Ya tsaya da tsumman a hannu. A ransa ya ga wani mutum a Bahri da bai san fuskarsa ba, yana sakin su cikin garkensa, yana murna. Ya jefar da tsumman. Bayan ɗan lokaci ya sake ɗauka. Ya san kansa: in Laraba ta same shi a haka, mutumin ya tsaya gabansa yana yabo, bakinsa ba zai buɗe ba.

Talata da hantsi ya sa jallabiya ya nufi Muwailih. Ƙarƙashin rumfar Khadiga mai shayi dillalai da masu kiwo suke taruwa, kuma maganar da aka yi a nan kafin azahar ta isa Bahri. Hamuda na tsakiya yana ba da labari. Mainasara bai zauna ba.

“Salamu alaikum. Jama'a, ku ji. Ciwon Joni ya shiga zaribata, an auna a Soba. Maruƙana biyar sun lashi bangon da na yaɓe da kashin mai ciwon. Ni na yi da hannuna. Ba a san wadda ta ɗauka ba. Duk wanda aka kawo wa su, ko ni na kawo, kada ya saya don kiwo.”

Wani tsoho ya ce, “La haula. Da zibala?” ya juya yana tambayar na kusa da shi da wane kashi aka shafe nasa bangon. Hamuda ya ajiye kofinsa da ƙarfi.

“Wallahi Yaya, kai ko a gidan mahaukata sai an ware maka ɗaki.”

“Ka gaya wa Salih kada ya ɓata man motarsa.”

Khadiga ta miƙo masa shayi. Ya sha a tsaye, ya ƙona harshe, ya juya.

A hanya ya biya wurin masu tsofaffin ƙarafa ya ɗauko turaku da wayar shinge. Ya kafa su can ƙarshen fili, nesa da zariba, inda ko ruwan sama ba zai gangaro daga wurin manyan ba. Awadiyya ta riƙe masa turke yana bugawa.

“Shekara biyu fa, Abu Tasnim.”

“Na ji.”

“In duka biyar ɗin ne?”

Ya ja wayar ya ɗaure, ya gwada ta da ƙafa. Ya je ya kwanto maruƙan. Huɗu suka shiga. Ƙaramar ta toge a bakin shingen, sai da ya ɗauke ta cak ya tsallaka da ita.