Ɗigo a Kafaɗar Dama

"Ba da hannuna ba," na ce wa jami'in gwamnatin.

Ya sake turo min akwatin haruffan da sandarsa. A bayansa tukunyar dalma na tafasa, wadda Baba yake narka tsofaffin haruffa a ciki kafin ya rasu ya bar mana maɗaba'ar, ni da yayansa, Baffa Thiam-teng.

"Malama Giok-lan, ke da kike koyar da harshen gwamnati a sakandare, ke ce za ki tsaya kan rubutun masu tallan kifi? An hana buga yarenku da haruffan Turawa. Ki juye haruffan nan cikin tukunyar da kanki, maƙwabta su gani, shago ya ci gaba da buga katin biki. In kin ƙi, mu rufe."

Ya tsinci guda ɗaya ya ɗaga. Harafin O ce mai ɗigo a kafaɗar dama. Jamusawa kan ɗora wa tasu ɗigo biyu a ka, wasu su ja mata layi, amma wannan tamu ce, mutanen birnin Tainan da kewaye. Babu kamfanin da ke sayar da ita. Baba ne ya sassaƙa mazubin da ake ƙera ta a jikin tagulla, har idonsa ɗaya ya lalace.

"Ji wannan, sai ka ce ƙuda ya yi mata kashi," in ji shi. Yaransa suka yi dariya.

Baffa ya jawo hannun rigata. "Ke 'yar nan, juye mana. Dalma ce fa, ba uwarki ba."

"Baffa, da ita uwata take karanta takardar maganinta. Ba ta san wani rubutu ba."

"To karatun naki ne zai ciyar da mu?"

Na harɗe hannuwana a ƙirji, na kalli matan kasuwa da suka cika bakin ƙofa. Rabinsu a wannan ɗakin aka buga littafin da suka koyi karatu da shi.

Jami'in ya gaji da jira, ya sa yaransa suka juye. Ba a daɗe ba komai ya zama ruwa. Suka tafi da tagullar, suka liƙe ƙofa da takarda mai jan hatimi. Kafin mako ya zagayo, shugaban makaranta ya aiko a ce kada in ƙara taka makarantar.

Yanzu a kasuwa nake, ina cire ƙayar kifi a rumfar wata ƙawar uwata. Masu saye na ce min Malama don tsokana, ni kuwa ina amsawa.

Ban ceci ko harafi ɗaya ba. Na rasa aikina, gidanmu ya rasa shago, Baffa ya koma dako a tashar jirgin ruwa da tsufansa. A can ƙirjinsa ya kama, ya mutu bai sake yi min magana ba.