Layin Ya Bi ta Bayan Gidan Baba Labaran

Ba Baba Labaran aka nufa da tukunyar ba. Maharazu ne ya sauko da ita daga kan wuta da tafasasshen wake a ciki ya wurgo wa Hadi, Hadi ya goce, tsohon da ya shiga tsakaninsu da hannuwa a sama ya karɓe ta a gefen kai. Daga ɗakina na ji ƙarar. Ko da na fito, jini ya bi tsagin tayil har ƙarƙashin firji, Hadi yana kan ruwan cikin Maharazu yana kirɓa masa murfin tukunyar a baki. Ni da wani ɗan Sudan maƙwabcinmu muka ɓamɓare su da ƙyar. Baba na kwance, wake na tururi a gemunsa.

Su ukun 'yan Rafin Ɗinya ne. Baba ne ya kawo samarin Dubai, ya sa su ɗaurin kaya tare da shi a Al Khabaisi, muka haɗu a gida ɗaya a Al Nahda. Ya sha ba ni labarin garinsu a kan shayi. A yarintarsa gunduma ɗaya ce, hakimi ɗaya, kasuwa ɗaya. Zamanin soja aka raba ta Gabas da Yamma, rafi ya zama iyaka. Da siyasa ta dawo aka yanki Kudu. A 2019 aka sake jan layi, wannan karon aka bar rafin, aka bi ta bayan katangarsa. Gidansa ya zauna Gabas, maƙabarta ta faɗa Yamma. A can matarsa Sabuwa take. Ban taɓa ganin mutum yana kiran sunan mamaciya da taushi irin nasa ba. Ya ce tun ranar da aka rufe ta ya nuna wa masu haƙa wurinsa a gefenta.

Ranar Juma'ar nan, bayan mun dawo masallaci, bidiyo ya shigo wayar Hadi. Samarin Yamma sun tare gawar wani ɗan Gabas a bakin maƙabarta da adduna, sun sassari masu ɗauke da makara, har da yayan Hadi. Maharazu ɗan dagacin Yamma ne. Ya kalla, ya ce ai an daɗe ana gaya musu su haƙa tasu. Daga nan aka fara.

'Yan sanda suka tafi da su biyun. Ni na zauna da Baba a asibiti. Da ya farfaɗo ya shaida wa 'yan sandan ya yafe, sannan ya sa na kira masa dagacin, na kara masa wayar a kunnen da bai ƙone ba.

"Sulaiman, ni ne. Tafiya ta zo. Gefen Sabuwa nake roƙo."

Dagacin ya amsa daga can.

"Yaya Labaran, wallahi ni ba zan hana ka ba. Amma yaran nan sun daina jin maganata. In makararka ta iso, sai an ɗauki wasu tare da kai."

Baba ya rufe ido. Hawaye ya gangara ya shige bandejin.

"To khalas, shi ke nan. Ku bar ta ta huta. Kada a sari ɗan kowa a kanta."

Bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada.

A nan Dubai muka rufe shi bayan azahar, a maƙabartar bayan gari, mu kaɗan da wasu 'yan Pakistan da suka shigo sahu don neman lada. Yashin ya yi zafi har ta cikin takalmi. Da muka gama addu'a kowa ya nufi mota, ni na tsaya. Daf da shi, ta hannun dama, an riga an haƙa wani kabarin, a buɗe, iska na zuba masa yashi kaɗan-kaɗan.