Farashin Sunan Hajiya Maimuna

"Wannan motar ce ba ta da daraja?" Hajiya Maimuna ta buga tafin hannunta a jikin tsohuwar motar rarraba burodi har ƙofar baya ta wangale da kanta. "Yau da asuba ta je Hotoro ta dawo!"

Chisom, akantar da aka ɗauko, ta danne dariyarta. Haifaffiyar Kano ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano.

"Hajiya, ban ce ba ta aiki ba. A lissafi, duk shekara ana rage wa kayan aiki daraja saboda suna tsufa. Ita wannan an rage, an rage, har an kai ƙasa."

"To ni ma ki rage ni mana, na girme ta."

Obiefuna, dilan fulawa na Gyaɗi-Gyaɗi, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Shi ne zai zuba jari a gidan burodin Hajiya da ke Tarauni, a sayi sabuwar tanda a buɗe reshe. Sun yi yarjejeniya cewa kason kowa zai bi abin da ya kawo. Idan kadarar Hajiya ta gaza kuɗinsa, shi ne mai faɗa a ji a gidan da ta gina da guminta.

Suka shiga ciki. Tanda, injin kwaɓa, janareto, kowanne Chisom ta tambayi shekarar saye, ta duba abin da zai yi a kasuwa yau. Janareto ya ɗan fidda Hajiya kunya, don tsadar kaya ta ɗaga shi. Sauran kuwa sai a hankali. Hajiya ta nemi buhun sukari ta zauna. Ta fara hango kanta tana neman izini kafin ta ƙara wa ma'aikaci albashi.

Ana cikin haka burodin yamma ya fito. Masu shayi da masu shaguna suka cika ƙofa, 'yan adaidaita suka tare layin. Chisom ta fita ta tsaya cikinsu.

"Malam, babu gidan burodi kusa da ku ne, me ya kawo ka nan?"

"Daga Unguwar Gano nake zuwa," in ji wani mai shayi. "In ba na Maimuna ba ne, mutanena ajiye kofi suke yi."

Ta daɗe a waje tana tambaya, sannan ta dawo ta nemi cinikin shekarun baya, ta yi ta danna waya.

"Hajiya, saura abu ɗaya. Duk mai shiga kasuwancin da ya kafu, ba ƙarfe kaɗai yake saya ba. Akwai sunan gida da amanar masu saye. Shi ma ana yi masa kuɗi." Ta juya wayar ta nuna musu. "Ya fi tanda da mota da janareto a haɗe."

Obiefuna ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Sai ya fashe da dariya.

"Gaskiya ne. Ni ma sunan na biyo. Hajiya, ke ce babba."

Hajiya ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta sa aka cika wa kowannensu leda da burodi mai zafi. Da suka tafi ta kira mahaifiyarta a Ƙauyen Alu.

"Inna, don Allah ragon sunana, babba ne?"

"Wane rago?" in ji tsohuwar. "Shekarar fari aka haife ki. Wani ɗan akuya ne ramamme, maƙwabta ma ba su samu ba. Lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. Gobe ina tafe da rago."