Saukar Muntaka

Jirgin ya sake zagayowa ta kan kukokin gabas da Gumel, ƙasa-ƙasa, har mata masu sussuka suka yar da taɓare suka tsuguna. Ishaƙ bai leƙo ba. Yana kwance ƙarƙashin motar gyaɗa da yake tuƙawa, yana ɗaure noti.

"Malam Ishaƙ, fito ka ga maƙwabcinka!" in ji Ubale mai goro. "Yau shi ke riƙe da jirgin, Bature na baya!"

"Ungulu ma tana tashi," in ji Ishaƙ.

Shi ya koya wa maƙwabcin nasa Muntaka riƙon sifana, shi ya koya masa tuƙi a rairayin hanyar Maigatari. Da Baturen da ke feshin fara da ƙaramin jirgi ya nemi makaniki, tare suka je. Aka ɗauki Muntaka, don ya tsinto Turanci a soja. Tafi-tafi har Bature ya fara koya masa tashi. Tun daga nan, in Muntaka ya shigo masallaci sai a matsa masa. Ko A'i, matar Ishaƙ, in ta ji ƙugi sai ta fito tsakar gida tana kare rana da hannu.

Ishaƙ ya ji ƙarar injin ta sauya. Kunnen direba ne, nan da nan ya mirgino waje. Jirgin ya taɓa fili da ƙarfi, ya yi tsalle, ya sake dira a karkace. Taya ɗaya ta nutse a yashi, sai ya kafa hanci a ƙasa, wutsiya a sama.

Bature ya fito da jini a goshi. Muntaka kuwa sai da aka zaro shi, ƙarfen tuƙi ya daki ƙirjinsa. Ishaƙ ne ya ɗauko shi a mota. Malamin asibiti ya duba ya girgiza kai, ya ce ciwon na ciki ne, ba zai jure gargadar hanyar Kano ba. Aka mai da Muntaka gida, aka shimfiɗa masa tabarma a zaurensa.

Washegari da hantsi Ishaƙ ya shiga, ya tarar Safiyatu, matar Muntaka, tana masa fifita. Ta gaishe shi ta koma ciki.

"Yaya Ishaƙ," in ji Muntaka, numfashi na yankewa, "garaje na yi. Bature ya ce in sake zagayowa, na ƙi. Na ga mutane na kallo."

"Yi shiru, Allah zai ba ka lafiya."

Ishaƙ ya yi ta kokawa da tambayar, har ta fi ƙarfinsa.

"Wai yaya ake ganin ƙasa daga can?"

Fuskar Muntaka ta washe. "Na hango kasuwar Maigatari, har tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulki. Raƙuma kamar tururuwa. Motarka ma na gani, Yaya. Kamar kwalin ashana."

Abin ya soki Ishaƙ a ƙahon zuci. Mutum na kwance rai a hannun Allah, amma yana riƙe da abin da shi ba zai taɓa samu ba. Ya sunkuyar da kai yana istigfari, ya ɗiga masa ruwa a baki.

Kafin la'asar Muntaka ya cika. Mutane suka zo jana'iza daga Gagarawa, har daga Sule Tankarkar, waɗanda ba su taɓa saninsa ba. Ishaƙ na riƙe da makara yana jin suna cewa, "Shi ne Bahaushen da ya tuƙa jirgin sama." Ya so ya ce musu shi ya koya masa sifana. Sai ya gyara riƙon makarar.

Bayan sadakar uku ya bi ta filin shi kaɗai. An riga an kwantar da jirgin, fiffike ɗaya a karye. Ya waiga, ba kowa. Ya tattare riga ya hau, ya zauna a kujerar gaba, hannuwa bisa gwiwa. Ta tsagaggen gilashin yana kallon awaki suna kiwo a ƙarshen fili.