Zagayen Safiyar Gasa

Da doki biyu Baba ya fara makarantar hawan nan tamu, a wani fili da ake zubar da tsofaffin tayoyi. Da tayoyin ma ya haɗa shingen tsallake na farko. Yau muna da barga uku da rumfar 'yan kallo, kuma duk shekara mahaya na zuwa gasa daga nesa.

Ni ke riƙe da komai tun da gwiwa ta fara damunsa, ban da abu guda. Safiyar kowace gasa, kafin kowa ya shiga fili, Baba ne ke hawa ya zagaya, ya tsallake shingayen ɗaya bayan ɗaya. Ni da na ci kofuna har sun rasa wurin zama a ofis, bai taɓa barina na yi zagayen nan ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Na ɗauka son girma ne irin na tsofaffi.

Bana kuma idonsa ya yi rauni. Kwanan baya na tarar da shi yana yi wa bargon da aka shanya a katanga faɗa, ya zaci doki ne ya kwance. Na yi dariya, daga baya tsoro ya kama ni. Bakina ya yi nauyi in ce masa kada ya hau, sai na sa Dogo, shugaban masu kula da barga, ya rage tsawon shingaye, ya ɗaura sirdi a kan Kasala, tsohuwar goɗiyar da yara ke koyo da ita.

Safiyar gasar, Baba ya fito da takalman hawansa, ya shafa wuyanta.

"Uwata, wannan ai Kasala ce. Shingayen ma kun sauke su ko?"

"Kaɗan ne, Baba."

Ya daɗe yana duban filin. "Daga shinge na biyu ba na ganin komai," in ji shi. "Kin san mafarin zagayen nan? Shekarar da muka fara gasa, ruwa ya ci ƙasa a bayan wani shinge, ba wanda ya lura. Ɗan mutane ya faɗi da dokinsa, bai ƙara taka ƙafarsa ba. Tun ranar na ce in akwai mugun wuri a filin nan, mai filin zai fara samu. In na lallaɓa a kan Kasala na ce fili lafiya, na yaudari baƙi."

Ya ce wa Dogo ya mayar da shingaye yadda suke, ya kawo mini ingarmana. Shi da kansa ya ja majayin sirdin, ya sake ja, ya laluba linzami.

"Na so a ce har ki tsufa ba ki yi zagayen nan ba," ya ce a hankali. "Hau."

Na hau, kunya ta rufe ni. Ban taɓa jin nauyin fili irin na ranar ba, duk inda kofato ya sauka sai na ji shi a ƙirjina.

Da na tsallake shingen ƙarshe na waiwayo. Baba ya juya wa filin baya, ya kifa goshinsa a wuyan Kasala, yana jiran Dogo ya gaya masa na sauka lafiya.